Yadda na fara amfani da manhajar tsara manazarta a laburaren jami'armu

Ranar da malamin da ke duba kundina ya dawo mini da babi na biyu, na yi tsammanin jan biro zai taru ne a kan hujjojin da na kawo, sai na tarar shafukan manazarta ne suka sha shi. Ina karatun digiri na biyu a fannin faɗakar da manoma, kuma bincikena a kan manoman shinkafa na rani ne a fadamun Argungu da Augie, musamman abin da ya sauya a sana'arsu tun bayan da aka ƙaddamar da shirin Babban Bankin Najeriya na ba manoma rance a Birnin Kebbi cikin watan Nuwamba na 2015. Malamin ya bi babin layi bayan layi, ya ƙirga ayyuka 11 da na ambata a cikin rubutu amma babu su a jerin ƙarshe, da wasu 7 da ke cikin jerin alhali ban ambace su ko'ina ba, ga kuma wani marubuci da na sa wa 2017 a shafi ɗaya, na sa masa 2018 a wani. Ya ajiye biron ya ce, "Malam, wanda bai riƙe amanar suna da shekara ba, ta yaya za a yarda da alƙaluman da ya kawo daga gona? Ka je laburare, sashen kwamfutoci, ka ce su nuna maka manhajar da ke tsara manazarta." Na ce, "To, ranka ya daɗe," na fito jikina a sanyaye, domin gaskiya ya faɗa, kuma ban taɓa jin cewa akwai irin wannan manhaja ba. Na rubuta abin da ya biyo baya ne saboda na ga ɗalibai da yawa suna tuntuɓe a daidai wuraren da na yi tuntuɓe.

Zuwana na farko bai kai ni ko gaban kwamfuta ba. A bakin ƙofa mai gadi ya karɓi jakata ya ba ni lamba, ya rubuta lambar kwamfutata ta tafi-da-gidanka a rajista, sannan ya nemi katin laburare, wanda nawa ya ƙare tun zangon da ya wuce ban lura ba. Aka tura ni teburin rajista, inda wata ma'aikaciya ta lissafa mini abin da ake buƙata: rasidin kuɗin makaranta na wannan shekara, katin shaidar ɗalibi, hotuna ƙanana guda biyu, da fom ɗin da shugaban sashe zai sa wa hannu. Rasidin yana gida a Argungu, shugaban sashe kuma yana taro, don haka ranar ta tafi a banza, ga kuɗin mota zuwa da dawowa. Wanda yake zuwa daga nesa ya haɗa waɗannan takardu cikin ambulan ɗaya tun daga gida, tare da fotokwafin kowacce, kuma ya guji Juma'a, domin kafin a gama komai lokacin masallaci ya yi. Na dawo ranar Talata da komai a hannu, aka buga wa katin hatimi cikin ƙasa da rabin sa'a, ba a karɓi ko kwabo ba tunda kuɗin laburare yana cikin kuɗin makaranta.

Sashen kwamfutocin yana saman bene, kuma da na hau na tarar babu wuta, ana jiran a tayar da janareta. Zaman jiran nan, wanda ya kai kusan sa'a guda, ya zame mini alheri, domin ma'aikacin sashen ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, ya fara da tambayoyin da a lokacin ban ga alaƙarsu da buƙatata ba. Ya tambaye ni da wace manhaja nake rubuta kundin, wane zubin Word ne a kwamfutata, ko kwamfutar tawa ce ko ta aro, da kuma ko ina da intanet a gida kullum. Na gaya masa Word ne tsoho, kwamfutar tawa ce, intanet kuwa sai na sayi data na haɗa da waya, kuma a unguwarmu sabis yakan ɗauke da yamma. Sai ya bayyana mini cewa manhajojin suna da yawa amma huɗu aka fi ji. EndNote ta kuɗi ce, RefWorks kuma sai jami'a ta biya wa ɗalibanta. Mendeley kyauta ce, mallakar kamfanin Elsevier tun 2013, tana ba da wurin ajiya na gigabait 2, sai dai sabon abin da ke haɗa ta da Word yana buƙatar Word na 2016 ko wanda ya biyo bayansa, kuma tun 2022 kamfanin ya karkata ga sabon zubinta ya bar tsohon da ɗalibai suka saba da shi. Zotero ita ma kyauta ce, an fara ta a Jami'ar George Mason da ke Amurka a 2006, yanzu wata ƙungiya da ba ta neman riba ke kula da ita, kuma tana ajiye komai a cikin kwamfutar mutum, ta yadda zai iya yin aiki ko babu intanet. Ya ce, "Malam, bisa ga abin da ka gaya mini, Zotero ce daidai da kai, amma ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kanta har ka kare kundinka, domin sauya manhaja a tsakiyar aiki ya fi rashin ta wahala." Na bi shawararsa, kuma har yau ina ganin tambayoyin nan huɗu su ne ya kamata kowa ya fara amsa wa kansa.

Da wuta ta zo, ya ba ni kalmar sirrin intanet ɗin laburare, muka shiga shafin Zotero muka sauke abubuwa biyu, domin abubuwa biyu ne, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Na farko ita ce manhajar kanta, wadda ake girkawa a kwamfuta. Na biyu ƙaramin maɓalli ne da ake liƙa wa burauza, Chrome ko Firefox ko Edge, wanda shi ke ɗauko bayanin maƙala daga shafin da mutum yake karantawa ya kai shi cikin manhajar. Saukewar ta ɗauki kusan minti ashirin saboda ɗakin ya cika da ɗalibai kowa yana jan nasa. Daga nan muka buɗe asusu, kuma da na fara rubuta imel ɗin da makaranta ta ba ni sai ya dakatar da ni, ya ce in sa nawa na kaina, saboda na makaranta zai iya rufewa bayan na gama karatu, alhali tarin manazartar zai yi mini amfani har digiri na uku idan Allah ya nufa. Saƙon tabbatarwa bai shigo akwatin farko ba, sai a akwatin saƙonnin banza muka same shi. Bayan haka muka sa sunan asusun da kalmar sirri a cikin manhajar, domin ta riƙa kai kwafin bayanaina intanet da kanta.

Gwajin farko na tuna shi sosai. Muka buɗe wata maƙala a kan noman shinkafa a shafin AJOL, wato taskar mujallun Afirka, sai na ga ƙaramar alama a saman burauza ta koma kamar takarda. Ya ce in danna, na danna, kafin in ɗago kai sunayen marubutan uku da shekara da sunan mujalla da lambobin shafi duk sun zauna a gurabensu, har da fayil ɗin maƙalar. Abin da nakan ɓata minti goma ina kwafa da hannu, ina kuskure a ciki, ya kammala cikin daƙiƙa biyar. Ya kuma nuna mini wata alama mai kama da sandar tsafi, inda ake zuba lambar DOI ta maƙala ko lambar ISBN ta littafi, wato lambobin shaida da ake gane su da su, manhajar ta nemo sauran bayanin da kanta. Murna ta kama ni har na fara tattara kayana, sai ya ce, "Tsaya tukuna, Malam, karanta abin da ta ɗauko." Na karanta, sai ga taken maƙalar duk da manyan baƙaƙe, ga kuma lambar fitowa babu. Ya ce wannan ita ce ƙa'idar farko: duk abin da ya shigo, a duba shi nan take a gyara, tun maƙalar tana buɗe a gaban mutum. Na ji maganar da kunne, amma sai da na sha wahala na fahimce ta.

Saura haɗa ta da Word. A ƙa'ida idan an girka manhajar, wani sabon shafi mai sunan Zotero yakan bayyana a saman Word da kansa, amma nawa bai fito ba, saboda Word ɗin yana buɗe lokacin da muke girkawa. Muka rufe shi gaba ɗaya, muka shiga saitunan manhajar, sashen ambato, muka danna wurin sake girka abin haɗin, da muka buɗe Word sai ga shi. Ya sa na buɗe farar takarda, na rubuta jimla ɗaya, na danna maɓallin sa madogara, wani ɗan akwati ya fito, na rubuta harufa uku na farkon sunan marubuci, na zaɓe shi, sai suna da shekara suka zauna a ƙarshen jimlar. Na danna maɓallin manazarta, cikakken bayanin ya fito a ƙasa. A karon farko manhajar takan tambayi salon rubuta manazarta da ake so, kuma akwai salo fiye da dubu goma a taskarta, mu kuwa sashenmu salon APA yake bi, bugu na bakwai wanda ya fito a 2019. A nan ne na gane wani ɓangare na jan biron da na sha: ina ta haɗa ƙa'idojin bugu na shida da na bakwai ba tare da na sani ba, domin ina kwaikwayon tsofaffin kundaye. A bugu na bakwai ba a sa garin da maɗaba'a take, aikin da marubutansa suka kai uku ko fiye ana taƙaita shi tun daga ambaton farko, kuma ana rubuta DOI a matsayin cikakken adireshin intanet. Abu biyu ya ƙara jaddada mini kafin a tashi: dole manhajar ta kasance a buɗe duk lokacin da ake sa madogara a Word, kuma lambar shafi ana sa ta ne ta cikin ɗan akwatin nan, ta hanyar danna sunan marubucin bayan an zaɓe shi.

A gida na kwashe duk fayilolin da na tara cikin shekara guda, wajen 140, na ja su na zuba cikin manhajar a dare ɗaya. Waɗanda suka fito daga manyan mujallu ta gane su ta ciro bayanansu, amma kusan kashi ɗaya cikin uku suka zauna tsirara, domin hotunan shafuka ne da aka ɗauka da waya ko na'urar sikana, babu rubutun da manhaja za ta iya karantawa. Bayan kwana biyu kuma wata jar alama ta fito tana cewa wurin ajiyata ya cika. Hankalina ya tashi, na ɗauka aikin ya tsaya sai na biya. Na kira ma'aikacin, ya kwantar mini da hankali ya ce megabait 300 na kyauta na fayiloli ne kawai, bayanan manazarta kuwa, wato sunaye da shekaru da take da bayanan da na rubuta, ana kai su intanet kyauta ba iyaka. Mai son ƙarin wuri zai biya dala 20 a shekara don gigabait 2, ko dala 60 don gigabait 6, ko dala 120 don wuri marar iyaka. Da na auna dala 20 da albashina na malamin sakandare, sai na zaɓi ɗaya hanyar: na cire alamar kai fayiloli intanet a cikin saituna, na bar bayanan kawai suna tafiya, na kuma sayi filasha, duk ranar Asabar in rufe manhajar in kwafe foldar Zotero gaba ɗaya a ciki. Wannan ya rage mini cin data sosai. Ya kuma gargaɗe ni kada in kuskura in mayar da foldar cikin Google Drive ko makamancinsa da nufin dabara, domin hakan na iya lalata taskar bayanan.

Wurin da na fi daɗewa, kuma wanda babu wani bayani na intanet da ya shirya ni a kansa, shi ne sunayenmu. Manhajar tana da gurbi biyu ga kowane marubuci, sunan iyali da sunan yanka, bisa al'adar Turawa, mu kuwa sunayenmu ba haka suke tafiya ba. Mutum yana da sunansa, da na mahaifinsa, sau da yawa da na garinsa, kamar yadda ake cewa Aminu Kano ko Shehu Shagari. Akwai wani masani ɗan jiharmu da na yi amfani da ayyukansa huɗu: a maƙala ɗaya sunan garinsa ne a ƙarshe, a wata sunan mahaifinsa, a ta uku an taƙaita sunayensa biyu zuwa harufa, a ta huɗu kuma mujallar ta liƙa masa Dakta a gaba, manhajar ta ɗauki Dakta a matsayin sunan yanka. Sakamakon haka ta ɗauke shi mutum huɗu daban, ta warwatsa ayyukansa a wurare uku na jerin manazarta, kuma a cikin rubutu ta fara sa harufan farko a gaban sunansa domin ta bambanta shi da kansa. Na yi kwana biyu ina zaton salon ne ya lalace. Da na koma laburare na nuna wa ma'aikacin, kallo ɗaya ya yi ya ce in buɗe ayyukan huɗu in duba yadda aka shigar da sunan a kowanne. Inda sunan ƙarshe ɗaya ne, muka daidaita sauran sunayen harafi da harafi, muka cire Dakta da Alhaji da Farfesa duk inda suka kutsa, harufan nan suka ɓace. Inda kuwa marubucin da kansa ya buga aiki da sunan gari a wani wuri, da sunan mahaifi a wani, na kai maganar gaban malamina, ya ce in bi yadda aka buga a kan kowane aiki, domin mai neman maƙalar da wannan sunan zai same ta. Ina ganin wannan hukunci daidai ne, ko da yake yana raba ayyukan mutum ɗaya gida biyu, kuma ya sa na yanke wa kaina shawarar tsayawa a kan tsarin suna ɗaya a duk abin da zan buga nan gaba.

Sunayen hukumomi ma sun ba ni irin wannan aiki. Rahoton Babban Bankin Najeriya ya fito a jerina da kalmar ƙarshe ta sunan a matsayin sunan iyali, sauran kalmomin kuma sun koma harufa, kamar wani mutum ne. Maganinsa ɗan maɓalli ne a gefen gurbin marubuci, wanda ke haɗe gurbi biyun ya zama ɗaya, sai a rubuta sunan hukumar cikakke. Haka na yi wa rahotannin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da na Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Sai kuma ayyukan da aka rubuta da Hausa, waɗanda nake da guda shida a kan al'adun noma. Wasunsu an buga su da tsofaffin haruffan kwamfuta, don haka da na kwafo take sai ƙ da ɗ da ɓ suka koma alamun baka da wasu ƙugiyoyi marasa ma'ana, dole na sake rubuta su da allon rubutu na Hausa. Ma'aikacin ya ƙara mini da cewa in riƙa rubuta ha a gurbin harshe na kowane aikin Hausa, domin idan wata rana na koma salon da ke girmama farkon kalmomin take, kada manhajar ta yi wa taken Hausa abin da take yi wa na Ingilishi.

Kusan rabin abin da bincikena ya dogara a kai ba ya intanet ko kaɗan. Akwai kundayen digiri da na karanta a sashen ajiye kundaye na laburare, waɗanda ba a fita da su, akwai takardun da aka gabatar a tarukan ƙara wa juna sani, da rahotannin ma'aikatar gona da aka buga da injin ofis aka ɗinke da zare. Duk waɗannan da hannu ake shigar da su, kuma mataki mafi muhimmanci shi ne zaɓen nau'in aiki tun farko, kundi ne ko rahoto ko babi a cikin littafi ko takardar taro, saboda kowane nau'i da irin gurabensa da yadda zai fito a ƙarshe. Na ware yini biyu cur na zauna a sashen kundaye da kwamfutata, ina ɗauko kundi ina shigar da shi yana gabana, suna da shekara da jami'a da matakin digiri, ina kuma ɗaukar hoton shafin farko da waya domin shaida. Hirarrakin da na yi da sarakunan noma da shugabannin ƙungiyoyin manoma kuwa, malamina ya ce mu bi tsarin sashenmu, a jera su daban a rataye a ƙarshen kundi, don haka ban cusa su cikin jerin da manhajar ke fitarwa ba. Wannan aiki na hannu shi ne ya fi cin lokaci, amma shi ne ya sa na san kowane aiki da ke cikin jerina kamar yadda manomi ya san kunyoyin gonarsa.

Kuskurena mafi tsada ya zo ne ana saura mako guda in miƙa babi uku na farko. Na ga wasu kurakurai a jerin manazarta, sai na gyara su kai tsaye a cikin Word, wajen wuri ashirin, har tsakar dare. Washegari na ƙara madogara ɗaya, jerin ya sabunta kansa, duk gyaran ya tafi. Na zauna ina kallon allon, raina a ɓace, sai maganar ma'aikacin ta ranar farko ta faɗo mini. Jerin da ke cikin Word inuwa ce kawai ta abin da ke cikin manhajar, don haka gyara a can ake yin sa, sannan a dawo Word a danna maɓallin sabuntawa. Na sake yin gyaran a inda ya dace, kuma tun daga ranar bai sake komawa ba. A makon ne kuma wani abokin karatuna ya buɗe kundinsa a waya da wata manhajar rubutu ya yi gyara ya ajiye, da ya dawo kwamfuta sai madogaransa suka zama rubutu zalla, ba su da alaƙa da manhajar, sai da ya sake sa su ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka na ɗauki wata al'ada: kundin asali ba ya barin kwamfutata. Idan zan kai wa malamina ko shagon buga takardu, sai in yi kwafi, in danna maɓallin yanke alaƙar madogara a jikin kwafin, in sa masa suna daban. Yanke alaƙar nan ba a dawo da shi, shi ya sa ba a yin sa a kan asali.

Ranar da na mayar da babin, malamina ya fara da shafukan ƙarshe kamar yadda ya saba. Ya zaɓi sunaye biyar a cikin rubutu ya neme su a jeri ya same su, ya zaɓi biyar a jeri ya neme su a rubutu. Ya sami kuskure ɗaya, wata maƙala da ta fito sau biyu da 2019a da 2019b, saboda na shigar da ita sau biyu, sau ɗaya daga Google Scholar, wato shafin Google na neman maƙalun ilimi, sau ɗaya daga shafin mujallar. Manhajar tana da wurin da take tara irin waɗannan tagwaye, kuma haɗe su ake yi, ba a goge ɗaya, domin idan aka goge wanda aka riga aka ambata a rubutu za a bar madogarar ba uwa. Na lura kuma bayanin da ake ɗaukowa daga Google Scholar ya fi yawan giɓi, don haka yanzu nakan bi maƙala har shafin mujallarta ko in yi amfani da DOI.

Da zan sake farawa, da tun ranar da aka amince da taken bincikena zan je laburare, kafin fayiloli su taru su kai ɗari, domin shigar da aiki ɗaya a duba shi minti biyu ne, gyaran tarin shekara guda kuwa ya ci mini kusan mako uku. Da kuma na tambayi sashe tun farko wane salo da wane bugu suke bi, da inda suka saɓa masa, na rubuta a takarda. Kuɗin da na kashe a kan manhajar kanta babu, abin da ya fita daga aljihuna kuɗin mota ne na zuwa huɗu, da hotuna, da filasha, da data. Ina kuma ba duk mai zuwa shawara ya tafi da kwamfutarsa da cajarta, ya girka manhajar a kanta, saboda kwamfutocin laburare na kowa ne, abin da aka ajiye a kansu yau ba lallai a same shi gobe ba.

A watan Afrilu, tsakiyar zafi, kwamfutata ta mutu, mai gyara ya ce faifan ajiyarta ne ya ƙone. Na ari ta ƙanena, na girka manhajar, na sa sunan asusuna da kalmar sirri, cikin 'yan mintoci ayyuka 186 suka dawo da duk gyaran sunayen da na yi da bayanan da na rubuta a kansu. Fayilolin kuma na same su a filashar Asabar, ban da guda huɗu da na sauke a cikin makon, waɗanda na sake nemowa a zuwana laburare na gaba. Babi na huɗu da shi na ci gaba a daren, a kwamfutar aro, daga inda na tsaya.